Mage a Buhun Masara

Magenmu ta cinye 'yan tsakin Inna, sai Inna ta rantse magen nan ba za ta sake kwana a gidan ba. Bayan la'asar Baba ya sa ta a buhun masara, ya ɗaure bakin, ya ce in hau bayan babur in riƙe.

Muka fita daga Azare, muka kama hanyar Gadau. Ina jin ɗuminta a cinyata, faratanta suna huda buhun suna suka ta. Na danne kukana, don kada Baba ya sauke ni ya tafi da ita shi kaɗai.

Da gidaje suka ƙare, ya tsaya a bakin wani kududdufi. Ya karɓi buhun, ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya tsuguna ya kwance igiyar.

Ba ta gudu ba. Ta fito tana layi, ta zo tana goga kanta a ƙafarsa.

Can Baba ya ce, "Ɗauko ta mu koma. In innarki ta tambaya, ki ce ni ne na kasa."

Allah ya ji ƙansa. Har yau da wannan muryar nake tuna shi.