Tatsuniyar Rana

Tun da aka daina yin fim da mutane, talabijin ke ƙirƙiro wa kowa abin da ransa ke so. Tasalla ta ba shi hoton kakarta marigayiya da muryarta. Da ta kunna, sai ga Iya Kande a kan tabarma, har da goro a baki.

"Iya, yi mini tatsuniya," in ji Tasalla a hankali.

Ta jira korar da ta saba sha: "Ja'ira, da rana tsaka? So kike ki ɓata a kasuwa?"

Tsohuwar ta yi murmushi. "An gama, ranki ya daɗe. Ga ta nan, ga ta nanku."

Tasalla ta kasa cewa ta zo mu ji ta. Ta kashe.