Baba a Bakin Garke

Tana riƙe da bokitin dusa ta tarar da mahaifinta zaune a bakin garken awaki, sandarsa a yashe, gwiwoyinsa duk ƙasa.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, aikin gonar ya dawo kanta. Kowace safiya takan watsa wa kaji tsaba tana musu tsiya, ta zuba wa saniya harawa tana shafa wuyanta, har ta tsaya tambayar tsohuwar akuya yadda ta kwana. Sai ta gama take ajiye masa shayi a gefen gado, ta ce, "Baba, ga shi," ta fice kafin ya haɗa kalma, don maganarsa ta yi nauyi, aiki kuma ba ya jira.

"Baba, da rarrafe ka fito? Yunwa kake ji?"

Ya girgiza kai. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, awaki na ta kuka.

"Ta taga nake jiyo ki," ya ce. "Na ga a nan ake hira, shi ne na zo."

Ta tsuguna a gabansa, ta rasa inda za ta sa idonta.