Rakiyar Nafi'u Neman Aikin Lauyan Gwamnati

Tun da aka kafa sabuwar doka ake ta raɗe-raɗin wai wata na'ura mai leƙa zuciya ce ke tantance masu neman aikin lauyan gwamnati. Hajiya Tabawa, tsohuwar malamar kimiyya, ta ce ita kam sai ta gani da idonta. Da aka ce kowa ya zo da wanda ya fi amince wa, ta yafa mayafi ta bi jikanta Nafi'u.

Aka kai ta wani ɗaki ita kaɗai. Tana zama ta lura ƙofar ba ta da mariƙi ta ciki.

Can sai ga Nafi'u cikin baƙar rigar lauyoyi, ma'aikata biyu na biye da shi.

"A'a, maigidan! Har an ɗauke ka? Ina na'urar tasu?"

Bai yi dariya ba.

"Hajiya, cewa suka yi in kawo laifinki ɗaya in tuhume ki. In na ƙi, ni za a tsare."

"Ka kawo?"

"Rediyon nan da kike kama tashoshin da aka hana."

Babu wata na'ura. Duk wanda ya rako mai neman aikin, shi ne shari'arsa ta farko.