Jar Motar Marigayi da Bututun da Ya Kewaya

Tunda ka ce kai ba ka da lokacin kewaye-kewaye, gyara zama ka ji wannan.

Wani mutum ne ya gaji mota wurin ubansa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Zariya. Ja ce, ƙarama, kujera biyu rak, kanta a buɗe, irin ta 'yan gayun da. Shekara talatin tana gindin mangwaro, kaji na saka ƙwai a kujerar direba. Rannan sai aka aiko daga Soba cewa ƙanwar uwarsa ta kwanta ciwo, ita kaɗai ta rage mata a cikin 'yan ɗakinsu. Uwar tasa, tsohuwa, ta kafe, ta ce a motar nan mijinta yake kai ta gida, kuma a cikinta za ta je, ko ta fasa. Ɗan ya ce da ita kwana uku sun isa ya gyara motar. Yana da ɗan sani a kan inji, irin sanin da ke kai mutum ya baro. Ya shiga ƙarƙashin mota, ya tarar bututun mai ya ci tsatsa, ya bi shi da ido: ya fito daga tanki a baya, ya tsallaka ɓangaren dama, ya bi ƙarfen ƙasa har gaba, ya hau, ya zagaya bayan inji, sannan ya dawo hagu ya shiga kafireto, inda mai ke gauraya da iska. Ya yi tsaki, ya ce masu ƙirar nan ba su san darajar ƙarfe ba. Ya fizge tsohon, ya miƙe sabo ɗoɗar ta hagu, kafaɗa da kafaɗa da salansa, wato bututun hayaƙi, tsawonsa bai kai rabin na da ba. Don kada mai ya yi nawa, ya ƙara da famfo na lantarki mai ƙarfin da zai iya ciyar da babbar mota.

Da safe mota ta tashi da ruri, maƙwabta suka fito kallo. Aka ɗora tsohuwa da ƙullin fura da turmin atamfa. Ko Dakace ba su wuce ba mota ta yi tari ta mutu. Suka zauna a inuwa, ta huce, ta tashi, ta yi tafiyar da ba ta fi ta jaki ba, ta sake mutuwa. Abin da bai sani ba shi ne, zafin salansa yana tafasa man a cikin bututu, ya koma tururi, inji ya nemi abin sha ya rasa. In kuwa man ya samu wucewa, famfon nan ya antaya shi fiye da kima, kafireto ya tumbatsa, fulogi su jiƙe, baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Ko yunwa ko ƙwarewa, babu tsaka-tsaki. A tsayawa ta uku ya ɗaga murfin inji, ya ga fetur yana ɗiga a kan jan ƙarfe, yana cuu. Ya sungumi uwarsa kamar jaririya ya yi nesa da ita. Allah ya tsare, wuta ba ta kama ba. Da igiya aka jawo su gida.

Washegari ya sauke girman kai ya kira wani tsohon bakanike. Dattijon ya kwanta a kan buhu, ya haska tocila, ya nuna masa ƙananan maƙalai na ƙarfe jere a ɓangaren dama, duk sun yi tsatsa amma suna nan daram. Sawun tsohon bututu ke nan, inda iska ke busawa, nesa da zafi. Ya bi su da sabon bututu ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba, inda ƙarfe zai goga ƙarfe ya sa roba. Dab da kafireto, sai ya ɗaura wani ɗan ƙarfe mai rage ƙarfin mai, ya maƙala agogon awo, yana murza noti kaɗan-kaɗan har allura ta sauko ta zauna ƙasa-ƙasa. Sannan ya ja wani siririn bututu wanda zai mayar da rarar mai cikin tanki. Mai mota ya kasa haƙuri, ya ce, "Baba, yanzu man da ya sha wannan doguwar tafiya, shi za ka kuma mayarwa baya?" Dattijo bai ko ɗago ba, ya ce, "Yaro, kafireto kurɓa yake yi, ba ɗura ake masa ba."

Kwana shida aikin ya ci, kullum ɗan yana tsorace da wayar da za ta shigo daga Soba. Ran na bakwai suka kama hanya da rana tsaka, lokacin da kwalta ke narkewa. Mota ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Mara lafiya tana kwance ta jiyo ƙarar injin a ƙofar gida, ta ɗaga kai ta ce wannan ai motar mijin Yaya ce. Ranar ta sha furar da aka kawo mata, ita da ta kwana huɗu ba ta haɗiyi komai ba, suka sha hira har la'asar.

To, ka ji. Yanken da ya yi don ya rage kamu uku na bututu, shi ya ci masa mako guda, saura ƙiris ya ci uwarsa. Wanda ya kewaya ba wawa ba ne, wani abu ya gani da kai ba ka gani ba tukuna. In ka tarar da tsohuwar hanya ta lanƙwasa, nemi abin da ta kauce wa kafin ka miƙe ta. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba: hanyar lafiya, a bi ta da shekara.