Abin da Ke Bayan Rumfa

Tun da aka shimfiɗa Rumfa a sararin sama don rage zafi, taurarin da mutanen Gusau ke gani fitilu ne da aka jera a jikinta. An hana leƙa bayanta. Amma Barira tana da 'yar na'urar hangen taurari ta gwanjo, mai gilashin da ke tace jan haske zalla, hasken da ke ratso Rumfa.

Da safe ta kai wa yayanta Sagir koko, ta miƙa masa wayarta.

"Yaya, ga hoton jan gajimaren bayan Rumfa da nake ɗauka, na kusa da taurarin Kaza da 'Ya'yanta."

"Ke ba kya jin magana! So kike a zo a kwashe mu?"

"Duba dai. Ina Kazar?"

Gajimaren ya dushe, gurbin Kaza kuwa baƙi ƙirin.

"Watan jiya tana nan," in ji Barira. "Ɗaya bayan ɗaya taurarin gaske suke mutuwa."

Sagir ya ajiye ludayi, ya ɗaga kai ya dubi ranar nan mai sanyi da kowa ke yabo.

"Barira," ya ce a hankali, "ita wannan ranar fa, kin taɓa duba ta da na'urarki?"