Yayen Nusaiba

Tun da wani kamfanin fina-finan Indonesiya ya raba wutar sola kyauta a Funtuwa, sharaɗi ɗaya ya gindaya: ba a kashe allon talabijin ɗin da ya kafa a bangon kowane ɗaki. Yanzu yaran unguwa da yaren can suke faɗa, da shi suke neman abinci.

Shi ya sa Ramlatu ta raini 'yarta Nusaiba a tsakar gida. In dole ta kama a shiga ɗaki, sai ta toshe mata kunnuwa da auduga. Yarinyar ba ta fara magana ba, kuma uwar ta ƙudurta cewa kalmarta ta farko da Hausa za ta fito.

Ranar yaye ta kai ta ƙauye wajen mahaifiyarta, inda wutar ba ta isa ba tukuna.

"Inna, sati biyu ne kawai. Ki riƙa yi mata tatsuniya. Don Allah ko cikin gari za ki, kada ki shiga da ita gidan mai allo."

"Ke tafi can, ni za ki koya wa reno? Taho nan, ƙawata."

Inna ta miƙa hannu. Nusaiba ta kama shi, ta sunkuya, ta ɗora shi a goshinta, daidai yadda yaran cikin allo ke gaida manya.

Inna ta tuntsire da dariya. "Ikon Allah! Wa ya koya mata wannan?"

Ramlatu ta damƙe audugar da ke hannunta. Wata ashirin tana tsaron kunne, ba ta taɓa tunawa da ido ba.