Ranar da Ɗahiru Ya Ajiye Hularsa

Ɗahiru ya ajiye hular kwanonsa a kan benci, ya ce shi kam ya gama aikin kwana-kwana.

Watansa huɗu kacal da zuwa daga ƙauye. Da hantsi aka kira su gobara a Limancin Kona. Lungun ya yi wa mota ƙunci, dole suka ja tiyo da ƙafa. Shugabansu, Oga Garba, shi ne a gaba, bai tsaya tambayar kowa hanya ba. Suna shiga gidan ya kama bakin tiyo, ya ce, "Ɗakin ƙurya. Akwai tsohuwa, ba ta iya tafiya."

Ɗahiru ne ya fi kusa. Ya kai bakin ƙofa, zafi ya mare shi, ya ja da baya. Kafin ya sake tunkara, rufin azara ya rufto.

Al'adar Oga Garba ce, in an dawo daga wuta ba mai tafiya gida sai an wanke tiyo an naɗe tare, kowa ya faɗi abin da ya gani, don kada a kai wa iyali shi a ƙirji. Yau tsofaffin ma'aikata suna ta wanke tiyo, kowa ido a ƙasa.

Oga ya zauna kusa da Ɗahiru, ya miƙa masa ruwa a moɗa.

"Ni na kashe ta, Oga. Taku uku ya rage."

"Ina bayanka, na gani. Da ka shiga, da gawa biyu za a wanke yau. Me zan ce wa babanka?"

"Na ji tana salati."

Oga ya ce, "To ka ga ta cika da kyau. Yi kukanka a nan, Ɗahiru, mu mun san irinsa. Gobe akwai wani gidan da zai kira mu."

Ɗahiru ya yi kuka har ya gaji, Oga na dafe da kafaɗarsa. Daga baya ya share fuska, ya ɗauki hularsa, ya kama naɗin tiyo.

Sai da Oga ya ga an naɗe na ƙarshe, sannan ya miƙe ya kira mataimakinsa.

"Jalo, riƙe mini wurin nan. Bayan la'asar za a kai tsohuwar. Ita ta haife ni, bai kamata a jira ni ba."